Babi na Biyar: Kwanon da ke Gefen Gado

Duk wanda ya taɓa jinya ya san wannan tambaya, ko da bai furta ta ba: me ya sa mutum zai kwanta asibiti, ana ba shi magani safe da yamma, ana ɗaura masa ruwa, ciwon da ya kawo shi ya lafa, amma ranar sallama ya fito a rame, wuya ya yi tsawo, wando ya ƙi zama a ƙugu, sai an riƙe shi kafin ya kai bakin ƙofa? Masu dubiya sukan ce, "Ai ciwo ne ya ci shi." Haka ne, ciwo yana cin jiki. Sai dai akwai sauran magana da ba mu cika yi ba. Sau da yawa mutumin nan da yunwa ya riƙa kwana, mako guda ko biyu, a kan gadon asibiti, kuma ba a lura ba saboda ba a ɗora wa kowa aikin lura ba.

Za mu nemi amsar a Madarumfa, garin tafki da kaburburan waliyyai, kudu da Maraɗi kusa da iyakar Najeriya. A can akwai ɗakin jinya da aka daɗe ana ɗaukar abinci a matsayin magani, ana auna shi, ana rubuta shi, ana ba da shi a kan lokaci. Amma bari mu fara da jikin majinyacin kansa.

Ciwo ma yana da ciki

Jikin mai zazzaɓi kamar murhu ne da iska ta samu: itace na ƙarewa da sauri. Likitoci sun ƙiyasta cewa duk digiri ɗaya da zafin jiki ya ƙaru, abin da jiki ke ƙonawa yakan ƙaru da wajen kashi 10 cikin 100. Mai tarin fuka, mai ƙuna, wanda aka yi wa tiyata, duk suna buƙatar abinci fiye da lokacin da suke lafiya, domin jiki yana yaƙi kuma yana gyara a lokaci guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum mai cutar sida da ciwo ya bayyana a jikinsa yana buƙatar ƙarin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 a kan abin da mai lafiya ke buƙata.

To a daidai wannan lokaci ne baki yake yin ɗaci. Ƙanshin miya ya zama abin tayar da zuciya, loma ta tsaya a maƙogwaro. Buƙata ta hau, ci ya sauka.

Jiki kuwa ba ya jira. Abin da magidanci ke yi idan rumbu ya ƙare a tsakiyar damina shi yake yi: a fara da sayar da akuya, sai irin shuka, sai kayan ɗaki, daga ƙarshe a jinginar da gona. Kitse ne akuyar. Idan ciwo ya yi tsanani, jiki ba ya ma tsayawa kitse ya ƙare, sai ya shiga cin tsoka. Tsoka kuma ba ta damtse da cinya kaɗai ba ce. Da tsoka ake numfashi, da ita ake tari a fitar da majina, zuciya kanta tsoka ce. Shi ya sa majinyacin da ya rame yakan kamu da ciwon huhu yana kwance, ɗinkinsa ya ƙi kamewa, bayansa ya yi gyambon kwanciya. Hausawa sun riga sun faɗa, da ruwan ciki akan ja na rijiya.

"Ai an ɗaura masa ruwa"

Wannan magana ta kwantar da hankalin masu jinya da yawa, kuma ta cutar da majinyata da yawa. Mutanenmu suna ganin girman ƙarin ruwa, suna ɗaukarsa kamar abinci ne da ke shiga ta jijiya. Ga lissafin: ledar ruwan sukari ta rabin lita da aka fi ɗaurawa tana ɗauke da sukari giram 25, wajen babban cokali biyu, wato kalori 100. Babban mutum kuwa yana buƙatar kusan kalori 2,000 a yini. Ko leda huɗu aka ɗaura masa, bai samu abin da ya kai karin kumallo ba, kuma babu ɗigon abin gina jiki a ciki. Ruwan yana da aikinsa, yana ceton rai a inda ya dace, amma ba tuwo ba ne.

Na taɓa jinyar kawuna kwana goma sha biyu a wani asibiti. Kowace safiya malamar jinya takan zo ta auna zafin jikinsa da hawan jininsa ta rubuta. Kowace yamma ƴan dubiya su cika ɗakin da ledojin lemo da ayaba da burodi da lemon kwalba. Daga gida a kawo tuwo a kula, in ajiye a gefen gado.

"Kawu, ka ɗan taɓa mana tun da zafinsa."

"Bari dai sai an jima, ɗana."

An jima tuwo ya sandare, in ba yaran da ke wasa a waje. Gobe ma haka. Haƙoransa sun zube, tuwo yana ba shi wahala, hannunsa na dama kuma allurar ruwa ce a jiki, amma kunya ta hana shi cewa a ba shi a baki. Ban gane wannan ba sai a rana ta tara. A takardarsa an rubuta kowace ƙwayar magani da ya haɗiya, amma babu layi ɗaya da ya nuna cewa a kwana tara bai ci abin da ya kai na kwana biyu ba. Har yau abin yana min ciwo.

A yawancin asibitocinmu nauyin ciyarwa yana kan dangi ne. Ka zagaya bayan ɗakunan jinya za ka ga mata a gindin dogon yaro da duwatsun murhu, kowa da ƴar tukunyarta. Wanda ya zo daga ƙauye, kuɗin da ya ƙullo ya tafi a mota da takardar magani, abin da ya rage shi ne na ci, kuma shi ake fara tsukewa. Sai ya zamana aljihun mai jinya ne ke yanke hukuncin abin da majinyaci zai ci.

Kada a ce ciwon talakawa ne kaɗai. A 1974 wani likita a Amurka, Charles Butterworth, ya tayar da ƙura da wata maƙala da ya nuna cewa majinyata suna ramewa a manyan asibitocin ƙasarsa: ba a auna nauyinsu, ana hana su ci don gwaje-gwaje, ana barinsu kwanaki a kan ruwan sukari. A 2019 kuma aka fitar da sakamakon wani gwaji a asibitoci 8 na ƙasar Suwizalan, da majinyata sama da 2,000 waɗanda tamowa ke barazana gare su. Rabi aka bar su da abincin asibiti yadda aka saba, rabi aka tsara wa kowa abincinsa aka riƙa bibiya. Cikin kwana 30, kashi 10 cikin 100 na rukunin farko suka rasu, na biyu kuwa kashi 7. Abincin yana nan a duka ɓangarorin. Bambancin shi ne a ɗaya akwai mai sa ido.

Yadda Madarumfa ta koya

Daminar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa, fara kuma ta sauka a wasu yankunan Nijar. Zuwa tsakiyar 2005 tiyar hatsi ta fi ƙarfin talaka. A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ake kira Na-gari Na-kowa, ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, kaso mafi tsoka a jihar Maraɗi. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne jihar da ake yi wa kallon rumbun ƙasa ita ce ta fi yawan yara masu tamowa. Hatsi yana kasuwa, kuɗin saye ne babu. Ko inda akwai hatsin, cikin yaro ɗan shekara ɗaya ƙarami ne, kunu tsararo yakan cika shi kafin ya samu abin da jikinsa ke nema.

Tun daga lokacin gundumar Madarumfa ta zama ɗaya daga cikin wuraren da aka fi sanin wannan aiki a duniya. A asibitin gundumar akwai sashen da ake kira CRENI, inda ake kwantar da yaran da tamowa ta haɗu musu da wata cuta ko ta kashe musu cin abinci. Ma'aikatan gwamnati da na MSF suna aiki tare a ciki. Daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sauro kuma ya yi yawa, gadaje sukan cika maƙil. Uwaye suna zuwa daga Gabi, Safo, Sarkin Yamma, Ɗan Isa, wasu kuma su tsallako iyaka daga Jibiya da sauran ƙauyukan Katsina, da yaro a goye.

Abu na farko da ake yi wa yaro a bakin ƙofa shi ne awo. A sa shi a ma'auni, a gwada tsawonsa, a zagaya damtsensa na hagu da wani ɗan madauri mai launi uku. Ga yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, idan kaurin damtsen bai kai milimita 115 ba, madaurin zai nuna ja. Sai a danna bayan ƙafafunsa da babban yatsa na daƙiƙa uku. Idan aka ɗaga rami ya zauna, kumburin tamowa ne, wanda uwa takan ɗauka ƙiba ce. Duka wannan bai wuce minti biyar ba, kuma kafin a yi maganar allura an riga an san matsayin yaro wajen abinci.

Me ya sa ba a cika masa ciki?

Nan ne uwaye da yawa suke shiga damuwa. Mace ta kawo ɗanta fata da ƙashi, tana sa ran a ɗura masa abinci, sai ta ga an miƙo mata madara tsararo da ba ta wuce rabin kofi ba.

"Malam likita, wannan ɗan abin ne zai ishe shi?"

"Uwar yaro, ki ba shi wannan a hankali. Bayan awa uku za a kawo wani, har cikin dare."

Sunan madarar F-75, saboda kowane mililita 100 yana ɗauke da kalori 75. Da gangan aka rage mata abin gina jiki da gishiri, kuma ba a sa mata sinadarin ƙarin jini. Ana lissafa ta da nauyin yaro, wajen mililita 130 ga kowane kilo a yini, a raba gida takwas. Yaro mai kilo 6 zai sha kusan mililita 100 a kowane zama.

Dalilin yana cikin abin da kowace mace ta sani a bakin murhu. Wutar da ta kusa mutuwa ba a jibga mata gungume, sai ta mutu gaba ɗaya. Da ƙirare ake tashinta. Yaron da ya daɗe cikin tamowa, zuciyarsa ta ƙanƙance, hantarsa ta yi sanyi, hanjinsa ya yi laushi. Idan abinci mai nauyi ya shigo farat ɗaya, gishirin da ke cikin jini irin su fosfet da fotasiyam sukan ruga cikin ƙwayoyin jiki, jini ya rasa su, zuciya ta rikice. Duniya ta ga wannan da idonta a 1945, lokacin da aka buɗe sansanonin fursunoni a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, wasu da suka tsira daga yunwa suka mutu bayan an cika musu ciki da kyakkyawar niyya. Saboda raunin zuciyar nan ne kuma ba a gaggawar ɗaura wa irin wannan yaro ruwa, sai in babu makawa.

Ka shiga irin wannan ɗaki da ƙarfe uku na dare. Fitila a kunne, uwaye sun yi lamo a cikin gidan sauro, kowace da ɗanta a ƙirji an lulluɓe shi, domin yaro mai tamowa sanyin asuba kaɗai yana iya kashe shi, ko a ƙasa mai zafi irin tamu. Ma'aikaci ya shigo da madara, yana bin gado gado, yana duba takarda yana zuba wa kowa gwargwadon awonsa. A tashi uwar da barci ya kwashe. Ta zaunar da yaro a cinya, ta kai kofi bakinsa, ya kurɓa ya kau da kai, ta jira, ta sake. Bayan an gama, ma'aikacin ya dawo ya leƙa kowane kofi: wannan ya shanye, wannan ya bar rabi, wannan ya yi amai. Duk sai an rubuta. Idan yaro ya ci gaba da barin madara da yawa, sai a zira masa siririyar roba ta hanci zuwa ciki. Uwaye suna tsoron robar nan ƙwarai, wasu har su yi shirin guduwa da yaro, don haka zama a yi musu bayani cikin girmamawa yana cikin jinyar.

Ba a barin dare ya wuce babu ci saboda sukarin jinin yaron yana iya faɗuwa cikin sa'o'i kaɗan. Kowace safiya kuma sai an sake ɗora shi a ma'auni. Mai kumburi nauyinsa raguwa yake fara yi, kuma wannan alamar sauƙi ce. Bayan ƴan kwanaki sai a ga abin da kowa ke jira: yaron da ko kuka ba ya iyawa ya miƙa hannu ya kama kofi da kansa, ko ya yi wa uwarsa murmushi. Daga nan a matsa zuwa madarar F-100 mai ƙarfi, ko abincin leda da za mu gani nan gaba.

A da, a asibitoci da yawa, cikin yara huɗu ko biyar da aka kwantar da tamowa mai tsanani ɗaya yakan rasu. Da wannan tsari ana iya saukar da adadin ƙasa da ɗaya cikin goma. Babu wata na'ura mai tsada a cikin sirrin. Ma'auni ne, da kofi, da agogo, da alƙalami, da mutumin da aka ce aikinsa ke nan.

Ledar gyaɗa

A 1996 wani likitan yara Bafaranshe, André Briend, tare da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset, suka haɗa gyaɗa da garin madara da mai da sukari da sinadarai suka yi abin da aka sa wa suna Plumpy'Nut. Leda ɗaya giram 92 ce, kalori 500, daidai da ledar ƙarin ruwa biyar. Ba ta buƙatar ruwa ko wuta, kuma ba ta saurin lalacewa. Ana yin ta a Yamai ma, a masana'antar STA.

Ledar nan ce ta sauya lissafi a 2005. Kafin zuwanta sai an kwantar da kowane yaro wajen wata guda, uwa ta bar gona da sauran ƴaƴa. Yanzu gwaji ake yi: a ba yaro leda a gaban ma'aikaci, in ya ci da marmari kuma babu wata cuta mai nauyi, sai a ba uwa na mako guda ta koma gida, ta riƙa dawowa awo a ƙaramin asibitin da ke kusa da ita. Gado ya zama na wanda ya fi jigata. A 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da wannan hanya ga duniya baki ɗaya.

A ƙananan asibitoci huɗu na gundumar Madarumfa ne kuma, tsakanin 2012 da 2013, masu bincike na cibiyar Epicentre suka bi yara wajen 2,400 masu tamowa mai tsanani da ba ta haɗu da wata cuta ba. Duka an ba su abincin leda, rabi aka ƙara musu maganin amoksisilin. Yawan waɗanda suka warke ya zo kusan ɗaya a ɓangarorin biyu, ko da yake masu shan maganin ba a kai su kwanciya da yawa kamar sauran ba. Ga irin waɗannan yara, abincin ne ya ɗauki babban nauyin aikin.

Manya fa?

Ga abin da ke damuna. Taku kaɗan ne tsakanin ɗakin da ake auna madara da mililita da ɗakin da babban mutum zai yi mako ba a tambaye shi me ya ci ba, kuma haka abin yake a ƙasashenmu duka. Mun yarda yaro mai tamowa abinci ne maganinsa. Ba mu kai ga yarda da haka ba ga tsohon da ya karye a ƙugu, ko mai jegon da ta zubar da jini, ko mai tarin fukan da zai sha magani wata shida.

Ita kanta uwar da ke zaune a bakin gado abin dubawa ce. Sau da yawa tana shayarwa, wani lokaci da ciki, ta yi tafiyar yini ba ta ci ba. Cibiyoyin da aka tsara da kyau suna dafa wa uwaye, domin an gane cewa macen da yunwa ta dama ba za ta zauna har a gama jinya ba, kuma nononta wani ɓangare ne na maganin.

Abin da ɗakin yara ke yi, yawancinsa ana iya ɗaukarsa a kai ɗakin manya ba tare da an jira jirgi ya kawo kaya ba. A auna kowane majinyaci ranar da ya shigo, a tambaye shi ko tufafinsa sun yi masa yawa a ƴan watannin nan, a sake auna shi duk mako. A buɗe layi ɗaya a takardarsa: ya cinye, ya ci rabi, bai taɓa ba. A wasu asibitocin Ingila jan faranti suke ba wanda ba ya iya ci da kansa, don duk ma'aikacin da ya gani ya san sai an zauna an ba shi. Mu da muke da mai jinya a gefen kowane gado, abin da ya rage shi ne majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, ko malamar jinya ta ɗauki minti biyar ta nuna masa me zai dafa da yadda zai ba da shi.

Kayan kuwa suna bakin ƙofa. Kunun hatsi in aka dama shi da kauri, aka sa masa gyaɗa da madara da cokalin mai, ya tashi daga ruwan ɗumi ya zama abinci, domin babban cokalin mai ɗaya ya fi ledar ƙarin ruwa kalori. Ga fura da nono mai tsabta, ga wake da awara, ga ƙwai, ga kifin tafkin Madarumfa da za a dafa a cire ƙaya a marmasa a miya, ga zogalen Jiratawa. Garin Misola da ake yi da hatsi da waken soya da gyaɗa an yi shi ne don yara, amma tsohon da ba ya iya tauna ma zai amfana. Kaɗan-kaɗan sau shida ya fi malmala uku da za ta sandare a kula. Mai ciwon sukari da mai ciwon ƙoda kuwa abincinsu sai da shawarar likita. Ƴan dubiya ma da za su mayar da kuɗin lemon kwalba su sayi ƙwai ko nono, da sun fi taimakawa.

Amma wannan duka bai sauke nauyi daga kan hukuma ba. Wanda ba shi da kowa, da wanda kuɗinsa ya ƙare a kwana na uku, ba za su ci shawara ba. Asibitin da ke da kasafin magani ya kamata ya kasance da kasafin tukunya, da mai girki, da mai bin gado yana duba kwano.

Ranar sallama uwa takan fita daga asibitin Madarumfa da yaro a baya da ƙunshin ledoji a ka. A gida akwai yayyensa uku da su ma ba su ƙoshi ba, akwai rumbun da sai kaka zai ga hatsi, akwai kuma mai saye a kasuwa da zai ba ta kuɗin tiya a kan ledojin nan. A babi na gaba za mu bi ta har tsakar gida, mu ga abin da ke faruwa da ledar, da dalilin da ya sa wasu yaran suke dawowa kan gado ɗaya kafin damina ta zagayo.